Keke Biyu a Zauren Malam Jalo

Malam Jalo ya sake zagaya kekunan nan biyu, hannuwansa a baya, yana leƙa su kamar mai zaɓen ragon layya. Na dama fari ne siriri, tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba, kansa ya lanƙwashe ya kalli ƙasa. Na hagu baƙi ne jibgege, tayarsa mai haƙora. Kowane keke da wanda ya kawo shi a tsaye a gefensa. Nafi'u, babban ɗansa namiji mai koyarwa a jami'a, harabar Kongo, shi ya kawo farin. Zaharaddini, autan gidan, malamin gona, shi ya kawo baƙin.

Likita ne ya jawo wannan taro. Ya auna Malam, ya ce jini ya hau, sukari ma ya fara leƙowa, saboda haka a rage tuwo a riƙa motsa jiki, in da hali a hau keke. Kafin mako ya zagayo labari ya kai kunnen yaran, ga shi yau Asabar da sassafe kowa ya iso gidan Malam a unguwar Limancin Kona da kyautarsa, ba tare da ya san ɗan'uwansa ma ya yi wannan tunanin ba.

Yaya za su sani, alhali tun bayan ƙaramar salla ba sa ga-maciji da juna? In ɗaya ya zo gaida iyaye da safe, ɗayan sai bayan la'asar. Mafarin abin ma keke ne. Nafi'u ɗan ƙungiyar keken titi ne, masu fita a jere kan kwalta suna gudu kamar an biyo su. Wata rana ya gayyaci ƙaninsa, shi kuwa ya je da kekensa na hawan dutse, aka bar shi a baya can wajen gari, sai da rana ta take ya dawo gida yana turi. Ya ajiye ta a ransa. Sai ranar sunan 'yar Nafi'u, gaban surukai da abokan aiki, ya ce wai matsattsen wandon da Yaya ke sawa in zai hau keke, ko kwaɗo ya fi shi sutura. Aka yi dariya har da masu tari. Daga ranar magana ta ɗauke.

Malam ya yi musu nasiha, ya jawo aya ya jawo hadisi. Suka sunkuyar da kai suka ce sun yafe wa juna, suka gaisa da kan yatsu, kowa ya kama gabansa. Tun da likita ya yi masa wannan magana, ba sukarin ne ke hana shi sukuni ba. Tsoronsa kada ta Allah ta kasance ya bar su a haka. Yanzu kuma ga sabuwa, don duk keken da ya ɗauka, ɗaya daga cikin yaran zai koma gida da ciwon an fifita ɗan'uwansa.

Nafi'u ya fara bayani, idonsa a kan mahaifinsa kawai. Ya ce keken titi na masu tsari ne, ana fita kan lokaci, ana sa kaya iri ɗaya, akwai agogon da ke auna bugun zuciya, abin da likita ke so ke nan. Har takalmi ya haɗo da shi, mai ƙugiya a tafinsa da ke maƙalewa a jikin feda. Ya ƙara da cewa ba irin na wasu ba ne, masu zuwa su yi birgima a taɓo su ce sun yi wasanni. Zaharaddini ma Baba ya kalla. Ya ce su 'yan dutse ba ruwansu da agogo, shi da abokinsa Wilson na Wusasa da sauran jama'arsu in sun nufi dutsen Kufena kowa na tafiya daidai ƙarfinsa, a tsaya a ci gyaɗa, a kalli gari daga sama. Ba irin na wasu ba, da tun fitarsu har su dawo ba abin da suke gani sai ƙeyar na gabansu.

Malam ya yi gyaran murya.

"Allah ya yi muku albarka. Amma ni ba na cinikin biri a sama, sai na ga tafiyarsu. Kuma in kowa ya hau nasa, ai gwani zan gani, ni kuwa ɗan koyo ne. Nafi'u, kai za ka hau baƙin. Auta, sa takalmin nan ka hau farin. Ina so in ga yadda kowannensu ke yi da wanda bai san shi ba."

Hujjar ba ta da kafar da za a bi a rushe ta. Malam ya shiga ciki ya turo tsohuwar besfarsa, matarsa Hajiya Maijidda ta biyo shi har bakin soro tana tambayarsa ko a kan babur likita ya ce a motsa jiki. Ya ce mata yau aikin alƙalanci zai yi, alƙali kuwa a zaune yake aiki.

Damina ta kusa tafiya, amma ta bar wa lungunan unguwar ramuka da kwatami. Zaharaddini, wanda ya saba ratsa irin wannan hanya ko kallonta bai yi ba, sai ga shi yana tangaɗi, kowane ɗan dutse yana jin sa har cikin haƙoransa. Nafi'u na biye, sanye da jallabiya, domin duk taƙamarsa da matsattsun kayan nan bai taɓa yarda ya ratsa cikin gari da su a fili ba. Baƙin keken ya haura wata kwata da shi kamar ba komai. Malam da ke gefensa ya ga ya saki murmushi, ya kuma ga ya yi maza ya haɗiye shi.

A mararrabar Ƙofar Gayan wata motar itace ta tare hanya, dole kowa ya tsaya. Zaharaddini ya ja birki, ya zo sauke ƙafa, ƙafa ta ce ba da ita ba. Takalmi ya riƙe feda gam.

"Baba, ka ce masa ya murɗa diddigensa waje," in ji Nafi'u da sauri.

Malam ya murza wa besfa wuta, ya kama kunnensa alamar ƙarar inji ta hana shi ji. Kafin Nafi'u ya yanke shawarar ko zai faɗa da bakinsa, Zaharaddini ya tafi a hankali, shi da keken gaba ɗaya, ya kwanta a gefen titi kamar buhun masara. Mai shayin bakin hanya da masu karyawa a wurinsa suka yi ta sannu. Shi kuwa gogan yana kwance yana ƙyalƙyala dariya, don a wurin 'yan dutse wanda bai faɗi ba bai fita ba. Nafi'u, da faɗuwa a tsaye take abin kunya a wurinsu, ya sauka fuska a murtuke, ya cire masa ƙafar, sannan ya durƙusa yana duba ko fentin keken ya goge. Malam ya lura dai ƙafar ya fara cirewa kafin ya duba fenti, wannan ya ɗan sanyaya masa rai.

Da suka bar gidaje Nafi'u ya tuɓe jallabiyar ya ɗaure ta a bayan besfa. Malam ya dubi ɗansa, mutum mai iyali, malamin jami'a, ya kau da kai yana istigfari a zuci. Sai kwalta ta miƙe, labari ya sha bamban. Farin keken ya ɗauki Zaharaddini kamar ba a taka shi, har ya saki wani ihu da bai shirya ba. Nafi'u kuwa yana ta dannawa, haƙoran taya na gurnani a kan titi, gumi na zuba, keke na tafiya kamar an ɗaura masa turmi.

Can gaba suka fuskanci iska, gudun Zaharaddini ya ragu. Nafi'u ya cim masa, ya manne a bayansa har taya na neman taɓa taya. Zaharaddini ya yi ta waiwaye, daga bisani ya ce wa Baba ya tambayi wasu mutane ko titin ne ya yi musu kaɗan. Nafi'u cikin haki ya bayyana wa Baba cewa haka ake yi. Na gaba shi ke shan iska, na baya ya huta a inuwarsa, in ya gaji a yi musanya. Ya ce shi ya sa ba a waiwaye a cikin jere, in ɗaya ya juya kai kowa na iya zubewa. Yana gama faɗa ya wuce gaba ya tare iskar da wannan jibgegen keke. Zaharaddini ya matso ya lafe a bayan yayansa. Daga yadda kafaɗunsa suka sauka Malam ya gane ya ji bambancin, ko da yake ba zai faɗa ba.

Malam ya nuna musu wata hanyar gona da ta ratse ta cikin dawa. Nan farin keken ya ƙi sam, tayarsa na nutsewa a yashi, sai da Zaharaddini ya sauka ya saɓa shi a kafaɗa, yana tafiya ƙwas-ƙwas da takalmin ƙugiya. Hanyar ta kai su bakin wani kwari mai gangara, duwatsu a warwatse, ɗan rafi na gudana a ƙasa. Malam ya kashe babur ya ce to, a nan yake so ya ga aikin baƙin.

Nafi'u ya leƙa gangaren. Da su biyu ne da mahaifinsa da ya nemi uzuri, amma a gaban auta ba zai yiwu ba. Ya yi ta maza ya saki keke. Tun bai yi nisa ba tsoro ya kama shi, ya sunkuya gaba yadda ya saba a titi, ya damƙe birki da duk ƙarfinsa, tayar baya ta fara ɗagawa. Malam ya yi nadamar dabarar tasa nan take.

Zaharaddini ya yar da farin keken a cikin ciyawa ya bi gangaren da gudu.

"Yaya, saki birkin gaba! Ja jikinka baya, ka tashi daga sirdi! Kada ka kalli dutsen, kalli inda za ka!"

Nafi'u ya bi umarni kamar ɗan makaranta. Keken ya daidaita, ya yi ta tsalle da shi a kan duwatsu, ya kai shi ƙasa lafiya, sannan ya zarce cikin rafin ya ajiye shi a tsakiyar taɓo. Ya zauna a ciki, ruwa har ƙugu, ya share fuska, ya dubi gangaren da ya sauko. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda Malam ya manta rabon da ya ji ta.

Zaharaddini ya shiga ruwan ya miƙa masa hannu. Malam ya gangaro a hankali yana dafa duwatsu, ya sami wani falalen dutse nesa kaɗan ya zauna, ya shiga gyara hularsa kamar ba ya jin su.

"Ran nan," in ji Nafi'u, yana matse rigarsa, "na ɗauka gajiya ka yi ka juya gida."

"Faci na yi. Ina ta kiranka."

"Wallahi ban ji ba. Amma da muka tsaya ya kamata in koma in duba. Ban kyauta ba."

Zaharaddini ya sosa ƙeya. Ya ce shi ma maganar da ya yi ranar suna ba ta dace ba, ballantana a gaban surukai, Yaya ya yi haƙuri. Kowa ya koma kallon ruwa. Malam ya ga abin na neman yin nauyi, sai ya ɗaga murya daga inda yake ya ce afuwa ta karɓu, amma a gaskiya wandon nan dai bai yi ba. Su ukun suka yi dariya, Malam ya fake da ita ya share idonsa da bakin rigarsa.

Daga nan suka manta da alƙali. Nafi'u ya ce sai ya sake gangaren ko sau ɗaya, Zaharaddini ya hau sama yana nuna masa inda zai bi da taya. Da aka gama, shi kuma Nafi'u ya zaunar da ƙaninsa a kan farin keken, ya riƙe masa sirdi, yana sa shi maƙala takalmi yana cirewa. Musu bai ƙare ba. Wannan na cewa ba wanda zai kira birgima a taɓo wasanni, wancan na cewa ba wanda zai kira kallon ƙeya yawon buɗe ido. Sai dai yanzu kowa fuskar ɗan'uwansa yake kallo, ba wanda ya sake aiken Baba.

Rana ta ɗaga sosai kafin suka tuna abin da ya kawo su. Suka zo suka tsaya a gabansa, ɗaya taɓo har gira, ɗaya gwiwa a ƙuje, suka tambaye shi wanne ya zaɓa.

Malam Jalo ya dubi farin, ya dubi baƙin, ya ja gemunsa ya daɗe yana nazari. Sannan ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya nufi wajen besfarsa.

"Idon nan nawa ya tsufa, ban gani da kyau ba," ya ce. "Ku dawo Asabar mai zuwa, ku biyun, ku sake gwada min."