Ɗiya, Ba Diyya Ba

...bakwai ne. Na sake ƙirga shatin bulalar da safe ina yi mata wanka. Biyar a gadon baya, biyu a cinya, na ƙarshen ya fashe har ya manne da riga. Su kuma sun rubuta wai "ɗan jan kunne". Ga ni a benci, ƙofar ofishin shugaban makaranta, takardarsu a hannuna, jan birona a jaka. Ka san ba na fita ba shi, Malam maigidana. Shekara talatin da biyar ina aji, ritaya ba ta raba mu ba.

Tsuntsuwa tana gefena tana kaɗa hannuwa. Haka take yi in hayaniya ta yi mata yawa, shi ya sa ka laƙaba mata sunan. Shekararta tara, kalma ɗaya ba ta taɓa fita bakinta ba. Kowa a makarantar nan ya sani, da hannuna na rubuta musu, shafi biyu. Amma jiya malamar ajinsu ta kira suna, wai sai ta ce "na'am". Ba ta ce ba. Sai bulala.

Hannun malamar nan nake so. In ɗora shi a jikin ƙofa in banko ta — yatsa ɗaya, yatsa biyu, in biyar sun ƙare in shiga ɗaya hannun har a cika bakwai... Ya Yesu, ka ji abin da ke cikin mai koyar da yara ranar Lahadi.

Dubi takardar. "Muna roƙo ki sa hannu ki janye diyarki daga makaranta." A doke ta, kuma ita za a kora? Sannan diyarki! Ina ƙugiyar ɗ? Ɗiya ce, ɗiya! Saura y ɗaya su mayar da ita diyya.

Diyya... Ranar da na tsaya gaban coci ina ba da shaidar godiya, tana ɗaure a bayana, kai kana kujerar gaba kana share ido kana cewa mura ce. Bayan an tashi matar mai kaɗa ganga ta kama hannuna. "Mama, Ubangiji ya biya ki diyyar ɗanki. Ko da dai ba cikakkiya ba ce, a yi haƙuri." Littafin waƙa na hannuna. Da ba ka riƙe mini gwiwar hannu ba, da haƙoranta sun zube a gaban bagade.

Ɗanmu ɗaya, mota ta take shi a bakin titi. Ba a biyan wannan. Ba musanya muka je nema gidan marayu ba — ko musanya ce? Ma'aikaciyar tana ta jan mu gaba. "Baba, ku duba wata, wannan ba mai ɗaukarta." Ita kuwa ta damƙe maɓallin rigarka ta ƙi saki. Ka ce, "To, ai an riga an ɗauke mu." Ina da shekara sittin na koma wankin tsumma, ina waƙa. Ban roƙa ba aka ba ni. Na gode, har gobe na gode... amma ka rasu ka bar ni da godiyar ni kaɗai, ga yarinyar yau da jini a jiki.

Ƙofa ta buɗe. Shugaban ne. Na san goshin nan — aji uku, layin taga, ɗalibina.

"Mama, ina kwana? Da kanki?"

"Da kaina. Ba zan sa hannu ba. A kira malamar ta durƙusa gaban yarinyar nan, sannan ta bar ajin. Kuma kai, ƙato da kai, ina ƙugiyar ɗ?"

Dariya yake yi. Yana miƙo mini hannun dama. Yatsan tsakiya a karkace, kamar ƙugiya.

"Ga ta nan, Mama. Tun aji uku kika sa mini ita da gefen rula. Malamar ma ai 'yarki ce, a hannunki ta yi aji biyar. Kullum cewa take ke kika koya mata bulala ke buɗe kai."

Ƙarya yake... ba ƙarya yake ba. Na tuna ƙarar. Ƙas. Na ce masa ya daina kukan banza ya sake rubutawa sau ɗari. Nawa ne irinsa? Talatin da biyar sau arba'in — a'a, kada ki lissafa. A cikinsu ba wanda kalmar ta ƙi fita bakinsa, kamar...? Akwai wata mai kallon bango. Me na yi mata? Me ma sunanta?

Na ciro biron. Ba zan sa hannu ba, wannan kam ko sama za ta faɗo. Ƙugiyar kawai zan sa. Jan ya zarce layi, ya yi kama da na cinyarta.

Tsuntsuwa ta daina kaɗa hannu. Ta kama nawa, na daman, shi ɗin dai, ta ɗora a kumatunta.

Malam... hannun wa zan sa a ƙofar?