Talatin da Biyun Malam Zacchaeus

Shekara goma sha shida Malam Zacchaeus yana riƙe da sakamakon ɗaliban makarantarmu a Fagge, cikin wata manhaja da ya rubuta da hannunsa tun gashinsa na baƙi. Ni ce sakatariya, teburina na kallon nasa.

Sai Alhaji Maje, mai makarantar, ya sayo sabuwar kwamfuta a shagon Celestine da ke Sabon Gari. Alhaji tsohon ɗan kasuwar Singa ne, a wurinsa babban kwali ya fi ƙarami ko me ke ciki. Da Celestine ya tambaye shi wane tsarin manhajoji za a saka, mai talatin da biyu ko mai sittin da huɗu, bai tsaya tunani ba ya ce babban.

Ranar Litinin manhajar Malam ta ƙi buɗewa a sabuwar kwamfutar. Alhaji ya ba shi zuwa Alhamis, in ba ta tashi ba zai kawo wani kamfani, a sallame shi. Mutum mai shekara hamsin da tara, ina za shi?

Kwana biyu yana lalube, ko abincin da matarsa Edith ke zubo masa bai taɓa ba. Ranar Laraba da hantsi ya duba 'yar manhajar da ke haɗa tasa da rumbun bayanai. Ya kira ni.

"Muhibba, duba nan. Sittin da huɗu aka saka. Tawa kuwa talatin da biyu ce, shi ya sa ba sa jin maganar juna. A sauya wannan kawai, aikin minti ashirin ne."

Na roƙe shi ya gyara a ɓoye, ya ce wa Alhaji ta tashi. Ya ƙi. Wai kayan mutane ne, ba ya cire komai sai da izini. Wannan gaskiyar tasa ta daɗe tana ba ni haushi.

Alhaji ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Wato injina lafiyarsa ƙalau. Taka ce ƙaramar."

"Ba ƙarama ba ce, Alhaji, tsari ne daban..."

"In sayi sittin da huɗu ka mayar da ni talatin da biyu? Malam, Allah ya saka da alheri. Je ka huta."

Malam ya tattara tabaransa da kwanon abincinsa. Kafin ya fita ya rubuta matakan gyaran a takarda, ɗaya zuwa biyar, ya ajiye a teburina, ko da yaran za su nemi sakamakonsu. Alhaji ya hana a taɓa injin. Zango biyu ke nan kamfanin bai zo ba, takardar tana nan cikin durowata.