Katin da Fuskar Inna Ke Ciki

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari da inuwa ke riga mai ita isa gida. Ina tafe da akwatin kwamfuta a ka, wanda na haɗa da hannuna da katakon tsohon bencin zaurenmu. Akwatin ba nauyi. Hulata ce mai nauyi.

A kasuwar garin masu saye ne ke zaune, kaya na yawo suna taya su. Wata tsohuwar zabuwa mai tabarau ta miƙo min katin hoto, irin mai fanka biyu, wanda ke sa hoto ya fito a gilashin kwamfuta.

"Fuskar mahaifiyarka na ciki," in ji ta. "Ka dasa shi kafin a kira magariba. Daga nan share fuskoki muke yi."

Inna ta rasu ina goye, ba ta kuma taɓa ɗaukar hoto ba. Na karɓa da hannu biyu.

Sai ga ni a tsakiyar kogi a kan tabarma, ruwa na kauce mata don kada ya jiƙa ta. Kawu Nomau, ƙanin Inna, na zaune yana gasa ƙanƙara a wuta.

Katin ya fi akwatin tsawo. Na ɗauko zarto.

Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ana yanka kati? Akwatin za ka lallasa."

Na durƙusa na gai da katakon, na yi masa ban gajiya, na ba shi haƙurin ƙusoshin da na buga masa. Ya yi miƙa a hankali kamar mai tashi daga barcin rana. Katin ya shiga raminsa, ya ce ƙas. Na ɗaure shi.

Amma gindinsa ya rinjaya ƙasa don nauyi. In na tallafe shi da yatsa, fankokin su juya. In na saki, su tsaya.

Nan na gane abin da na yi. Gilashin na kafe shi a gaban akwatin, yadda ake sa madubi a jikin kabad, ƙofar kuma na fitar da ita ta baya. Mai riƙe da kati ba ya ganin hoto. Na nemi kara in tokare shi, ashe duk karan garin sun tafi ta'aziyya.

Kawu ya matsa gaban gilashin. Ya cire hula.

"Ta fito."

"Kawu, zo ka riƙe min in gani."

"Yatsanka ta sani. Shi ta riƙe ranar da ta tafi."

"To yaya take?"

"Baƙa ce, ga wushirya. Ashe goshin nan naka mai kamar bayan ƙwarya nata ne. Na manta. Shekara da shekaru muna ɗora wa ubanka laifi."

Ladan ya yi gyaran murya daga ƙarƙashin ruwa. Na miƙa wuya, wuyan ya yi tsawo. Akwatin ma ya ƙara faɗi, tunda ya riga ya koyi miƙa.

"Me take yi yanzu, Kawu?"

"Leƙe take yi. So take ta ga wanda ke bayan katakon."

Na daina miƙa wuya. Na gyara yatsana a ƙarƙashin katin da kyau, don kada hoton ya yi mata rawa.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Hannuna na sama, yatsan ya sage. Na bar shi a haka har aka kashe injin.