Diyyar Motar Injiniya Maitama

Injiniya Maitama mutum ne da Allah ya jarrabta da babbar hanya mai lamba 95 ta Amurka. Kullum da safe sai ya fito daga gidansa na Woodbridge ya shiga jerin gwanon motocin da ke rarrafe zuwa Washington, ƙafarsa a kan birki har ta yi tsami. Da furfura ta fara leƙo masa a gemu, sa'o'insa suka shiga sayen filaye a Abuja, shi kuwa sai ya je ya jajibo tsohuwar motar tsere ja, ya raɗa mata suna Guguwa, ya fitar da motar matarsa Furera daga gareji ya saka Guguwa a ciki.

Akwai wani filin tsere can ƙauyen Virginia, bayan gonakin masara, inda masu sha'awa ke haɗuwa ranar Asabar su ƙona mai da tayoyi. Hausawa sun fitar da tawaga biyu a wurin. Ta Maitama likitoci ne da injiniyoyi, waɗanda akasarinsu hoto suke zuwa ɗauka da hular kwano a hammata. Ɗayar kuwa ta direbobin tasi ce 'yan Nijar, jagoransu Hamissou, wani siririn mutumin Maradi da ke yini yana jigilar ma'aikatan ofisoshin jakadanci a cikin Washington.

Dokar filin a bayyane take: wanda ya shiga, ya shiga da asararsa. Inshora ba ta taka ƙafarta a wurin, kuma wanda ya buge ka ba ya biyan ka ko sisi. Maitama ya taɓa yabon wannan doka da babbar murya, ranar da ya ɓalle wa wani Bature mai suna Gregory bamba. Ya dafa kafaɗar mutumin ya ce masa ai tsere ke nan, sai haƙuri.

To, ranar da Hamissou ya shigo kwanar ƙarshe kamar wanda fasinja ke zagi, ya narka wa Guguwa gaban motarsa a haƙarƙari ya tura ta cikin tulin tayoyin shinge, a ranar ne Maitama ya gano cewa dokar zalunci ce tsagwaronta. Shi kam ya fito lafiya, ko ƙwarzane babu. Guguwa ce ta koma gida a bayan motar jan mota, ƙofa a lotse, taya ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma.

Furera ta fito da kayan asibiti a jikinta, domin ma'aikaciyar jinya ce kuma aiki za ta tafi. Ta zagaya motar, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta gode wa Allah da ya dawo da ƙafarsa. Sannan ta yanke hukunci.

"Baban Sharifa, dala ɗaya ta gidan nan ba za ta ƙara shiga cikin gwangwanin nan ba. Wanda ya fasa ya gyara. In bai gyara ba, ina son garejina."

Maitama ya san matarsa. Ba ta ɗaga murya, kuma ba ta janye magana. Ya tsaya yana kallon Guguwa, ransa ya yi baƙi ƙirin, domin gaskiyar magana ita ce a duk mako ba ya jin shi mutum ne sai a cikin motar nan. In Hamissou bai biya ba, tsere ya ƙare, sai shi sai birkin hanyar 95 har ritaya.

Kotu ba za ta saurare shi ba, ya san haka. Saboda haka ya kai ƙara inda ake kai ƙarar da ba ta da kotu: wajen Alhaji Munzali, dattijon da ke zaune a Laurel, wanda duk rikicin Hausawan yankin, daga na aure zuwa na kuɗin adashe, a falonsa yake mutuwa. Aka sa ranar Asabar bayan azahar.

Maitama ya yi shiri irin na masu digiri. Ya samo bidiyon karon, ya rage masa gudu yadda ko makaho zai ga laifin Hamissou. A hanyar Laurel ya riƙa yi wa sitiyari jawabi: cewa adalci ba ya tsayawa a ƙofar filin tsere, cewa tawagar da aka yi wa ɓarna dole a biya ta, cewa dokar Turawa daban, tamu daban. Har ya tanadi amsar duk ƙaryar da Hamissou zai yi.

Hamissou bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fara ɓata lissafi ke nan. Ya zo da direbobi cike da falo, ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa a kan kafet ya cire hula.

"Injiniya, laihina ne. Ni na shigo kwana da wuta, birki ya ƙiya. Pardon, don Allah ka yi hankuri. Tun ranar da abin ga ya faru ban yi kwana mai daɗi ba."

Maitama ya buɗe baki, wayar da bidiyon ke ciki tana hannunsa, ya rasa wanda zai nuna wa. Yaya za ka tabbatar wa mutum laifin da ya riga ya ɗauka ya ɗora a kansa?

Alhaji Munzali ya gyara zama ya yi gyaran murya. Bai ce uffan kan mota ba. Sai ya ɗauko tarihin mahaifin Maitama, marigayi, yadda wata rana a Fagge direban tirela ya rushe masa katangar gida, aka kamo direban yana kyarma, marigayin ya ce a sake shi, har ya sa aka kawo masa tuwo. Maitama bai taɓa jin wannan labari ba. Abin da ya sani shi ne mahaifinsa ya taɓa kai maƙwabci gaban alƙali kan akuya. Amma wane ɗa ne zai miƙe a cikin taro ya ce a'a, ubana ba shi da kirki haka?

"Gidansu gidan yafiya ne," in ji Alhaji Munzali. Direbobi suka amsa da Allah ya jiƙan mazan jiya. Maitama ya ji kansa yana kumbura duk da ya san ana yi masa wayo, domin yabo yana ratsa shi yadda mai ke ratsa takarda.

Daga nan Hamissou ya zaro ambulan mai kauri daga aljihun rigarsa, ya rarrafo ya ajiye a gaban Maitama da hannu biyu. Ya ce abin da tawagarsu ta harhaɗa ke nan, a rage zafi.

Zuciyar Maitama ta yi sanyi. Ga gyaran Guguwa a kan kafet, saura ya miƙa hannu. Sai dai ɗan mutunci ba ya wawurar ambulan a gaban dattawa, musamman bayan an gama kwarzanta ubansa. Kowa ya san yadda ake yi: ka ƙi, a matsa maka, ka sake ƙi, a haɗa ka da Allah, sannan ka karɓa kana ɓata fuska kamar an cuce ka. Haka ya ga ana yi tun yana yaro, haka kuma ya yi niyyar yi.

Ya sa yatsa ya tura ambulan baya kaɗan, kaɗan ƙwarai, yadda ba za ta yi nisa ba.

"Haba Malam Hamissou, mene ne haka? Ai mun zama ɗaya. Ni na yafe."

"Allahu akbar!" in ji Hamissou. Ambulan ta koma aljihu da saurin da motarsa ba ta taɓa yi a filin tsere ba.

Maitama ya tsaya yana jiran a matsa masa. Ya dubi Hamissou, Hamissou yana share ido da gefen hula. Ya dubi Alhaji Munzali, ya tarar tuni dattijon ya ɗaga hannuwa sama yana cewa a yi fatiha. Aka shafa. Aka shigo da shayi da kilishi. Direbobi suka yi layi suna gaishe shi da hannu biyu, kowa na cewa bai taɓa ganin mutum irinsa ba a Amurka, shi kuwa yana murmushi kamar mai ciwon haƙori.

A hanyar komawa ya yi wa sitiyari wani jawabin, wannan karon na yadda zai shawo kan Furera. Wahalar banza ya yi. Labarin ya riga shi isa ta zauren matan Hausawa na waya, har da hotonsa yana tura ambulan, an rubuta Allah ya ƙara arziki a ƙasa. Furera ta tare shi da fara'ar da ta tsorata shi. Ta ce ta ji abin alherin da ya yi, kuma ita ma ba za a bar ta a baya ba.

Washegari Lahadi da hantsi ya ji sallama a ƙofar gida. Ya leƙo ya ga Hamissou da ledar kilishi, wai ya zo ƙara godiya. Furera ta riga ta ɗaga ƙofar gareji, makullin Guguwa a hannunta.

"Malam Hamissou, tunda maigida ya yafe gyara, motar nan ba ta da sauran amfani a nan. Na ji an ce injinta lafiya lau yake. Ka ɗauka ka sa a taka."

Maitama ya taho da sauri ba takalmi, amma maƙwabta biyu 'yan Kano da suka fito wanke mota sun riga sun matso, suna jinjina masa, suna cewa ga mai yafiya nan. Dole ya ja ya tsaya, ya ɗaga musu hannu.

Hamissou ya ja da baya ya ɗaga hannuwa. "A'a wallahi Hajiya, ba ni iya amsa. Abin ga ya yi yawa."

Wani ɗan haske ya shigo zuciyar Maitama.

"Haba, karɓi mana," in ji Furera.

"Hajiya, ki yi mini rai. Da wane ido zan dubi Injiniya?"

"Na haɗa ka da girman Allah ka karɓa."

Hamissou ya sunkuyar da kai, ya ɓata fuska kamar an cuce shi, ya miƙa hannu biyu ya karɓi makullin. Bai tsallake mataki ko ɗaya ba. Maitama ya tsaya a kan siminti mai sanyi yana kallon yadda ake yin abin daidai, takaici ya cika shi. Ashe mutumin ya iya.

Hamissou ya juya ya yi fito. Motar jan mota, wadda tun ɗazu take fake a bayan kwanar layin da injinta a kunne, ta taho da baya a hankali.