Takalmin Darakta

"Ba zan faɗa mata ba, Yallabai."

Darakta ya juyo ya dube ta kamar kifin da ke kan tebur ne ya yi magana. Kwanansu huɗu ke nan a wannan ƙasa suna duba na'urorin sanyaya kifi, kuma ita ce tafintarsu, don ita kaɗai ta karanci harshen mutanen a jami'a. Yau da safe aka kawo su babbar kasuwar kifi. Ko'ina ihu, amalanken ƙanƙara na kutsawa cikin mutane, ƙarni ya cika hanci. Wata tsohuwa mai yankan kifi na wanke teburinta da tiyo, sai ruwan jini ya fallatsa a takalmin Darakta.

"Cewa na yi ki gaya mata ta durƙusa ta goge."

"Ta ba da haƙuri sau biyu. Na fassara maka."

"Ku ji min Mai Digiri! Bakinki na ɗauko ko shawararki?"

Ma'aikatansa uku da ke bayansa suka yi dariya, irin wadda ake yi don a ga an yi. Ita kuwa hannun tsohuwar take kallo. Ƙanƙara ta kumbura yatsun, duk sun tsage. Matar ta yi jika da ita.

Shekara biyu tafintar tana aikin wucin gadi a ma'aikatarsu. Takardar tabbatar da ita na kan teburin Darakta, sa hannunsa kawai take jira. Ya san ta sani.

"Babanki da ƙafarsa ya zo ofishina," in ji shi, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ya tsuguna yana roƙo, a taimaki 'yarsa. Ashe shi ya iya durƙuso, ke ce ba ki gada ba."

Kunnuwanta suka yi zafi. Ba ta sauke ido ba.

Ya zaro hankici ya yar a gabanta. Nan take ya jiƙe, ya koma ja.

"To, tunda kina jin tausayin kakarki, goge da kanki."

Mataimakinsa ya matso yana raɗa. "Ƙanwata, minti ɗaya ne. Wa ya san ki a garin nan? Ni da kika gani, har jakar matarsa na ɗauka."

"Na gani, Yaya. Shi ya sa."

Ta dubi Darakta. "Fassara aka ɗauke ni in yi, Yallabai. Zan yi maka ita har mu koma gida. Wannan kam a'a."

Ya miƙa hannu ya fizge katin aikin da ke rataye a wuyanta, igiyar ta karce mata fata. Ya saka a aljihu, ya juya. Mataimakin ya sunkuya ya goge takalmin da hularsa, suka bi shi zuwa mota. Babu wanda ya waiwayo.

Ta tsaya a wurin, ruwan sanyi na shiga takalminta. Sai ta juya ga tsohuwar, tana shirin ce mata komai ya wuce.

Tsohuwar ba ta jin Hausa. Abin da ta gani kawai shi ne baƙi sun tare mata gaban tebur suna hayaniya, masu saye sun koma wurin maƙwabta.

"Ke ma bi su!" ta daka mata tsawa. "Baƙin banza, ba ku saye sai surutu!"

Ta juyo da tiyo ta watsa mata ruwa a ƙafa. Masu kifi suka kwashe da dariya. Duk kalmar da aka faɗa tafintar ta fahimce ta sarai, kuma babu wanda za ta fassara wa.

Ta fita daga kasuwar kanta a ɗage, bakin zanenta na ɗiga. Otal ɗin na da nisa, a ƙafa za ta je. Aikin ya tafi, shekara biyun nan sun tafi, kuma ita ce za ta zauna gaban babanta ta gaya masa tsugunon da ya yi ya tashi a banza.