Ɗakin Babban Yaya

"Tsaya nan! Lemar ki bar ta a waje," in ji Baba, tun kafin ya amsa sallamarta. Bai ƙarasa ba tari ya sarƙe shi, sai da ya dafa ƙyauren ƙofa.

Auta ta jingine lemar, ta bi mahaifinta da kallo. Wata biyu kacal ba ta zo ba, amma rigar da ke jikinsa kamar ta aro. Da ma wanta, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya turo ta, kuma bai ɓoye mata komai ba: in har tarin bara ya dawo, ƙarshen mako zai zo ya ɗauke Baba zuwa gidansa, hawa na uku, inda ko kujera sai an karkata ta take shiga. Fiyanon Mama kuwa, babban akwatin kiɗan nan, sai dai a ba wani.

A falo ta tarar da bokiti biyu suna tarar yoyo. Inda fiyanon yake tun tana rarrafe, babu komai sai sawun ƙafafunsa a siminti.

"Baba, ina Babban Yaya?"

Haka suke kiran fiyanon a gidan, don ya riga su duka zuwa. Mama, Allah ya jiƙanta, malamar waƙa ce a firamare, kuma da aka rufe ajin aka ce za a jefar da shi, ta sa aka turo mata shi a kura tana amarya. Injiniya har ya yi gemu yana ƙorafin cewa katako ya ƙwace masa girma.

"Yana ɗakina," Baba ya ce, yana sosa ƙeya. "Can ne kaɗai ba ya yoyo."

"Kai kuma fa?"

Ita ta nemo amsar da ƙafarta. Gadonsa na can ɗakin baya, inda ake ajiye tarkace, manne da bangon da ya sha ruwa har ya yi fumfuna. Ta taɓa katifar, sanyi ƙalau kamar an shanya ta a raɓa. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Haba Baba! Don Allah wannan wace irin rayuwa ce? Katako a ɗaki, mutum a sito?"

"Ni in na yi tari ina shan magani. Shi fa? In danshi ya shige shi, katakon ya kumbura, wayoyin su yi tsatsa, shi ke nan. Zo ki gani, ba abin da na rage."

Ya ja ta ɗakin yana ɗoki kamar mai nuna sabon jariri. Ɗakin kuwa ɗumi, taga a rufe ruf, an ja labule kada rana ta taɓa shi in ta leƙo. Ƙamshin tsohon katako da gawayi ya bugi hancinta, sai ta ji kamar Mama za ta fito daga bayan ƙofa da alli a gefen zaninta. Fiyanon na tsaye lulluɓe da bargo. Baba ya buɗe murfin ƙasa ya nuna mata ƙaramin ƙwan fitila da ke ba shi ɗumi, da safa cike da gawayi an jera su don su tsotse danshi. Sannan ya zura hannu tsakanin fiyanon da bango, ya ware yatsu daga babba zuwa na tsakiya.

"Taƙi ɗaya, yadda Mamanku take yi. Kullum sai na auna."

Auta ta dubi safar nan, ta dubi ƙafafunsa tsirara a kan siminti. Ta dubi bargon, mai ratsin ja, wanda Mama ta saya masa shekarar da ya fara ciwon ƙirji. Dariya ta taso mata tare da kuka, ta rasa wanne za ta fara.

Ta ja kujera ta zauna, ta ɗaga murfin, ta danna 'yar waƙar da Mama ke tashin su da ita in za su makaranta. Yatsunta sun manta rabi, amma fiyanon bai manta ba, muryarsa garau. Da can, da hadari ya haɗo, sai ka ji Mama tana rabon aiki: wannan ya rufe taga, wancan ya kwaso shanya amma kada ya kuskura ya shigo da jiƙaƙƙen kaya falo. Baba na gefe yana tsokanarta, wai da ana kula da shi kamar katakon nan da ya yi ƙiba. Ita kuma ta harare shi, ta wurgo masa safa.

A nan Auta ta tsaya da kiɗan.

"Baba, in damina ta faɗi, me Mama take fara yi?"

"Ta janye shi daga bango mana."

"Daga nan fa?"

Ya juya ya dubi fiyanon.

"Daga nan ta shigo nan ta janye gadonka," Auta ta ce. "Taƙi ɗaya shi ma. Ni nake kama mata ƙafar gadon. Ta ba shi gawayi, ta ba ka safa. Ta rufe masa taga, ta rufe maka, kana faɗa wai za ta kashe ka da zafi. Ku biyu take raino a gidan nan, Baba. Rabin aikin kawai ka riƙe."

Ya shafa gefen bargon, ya daɗe yana shafawa. Kewarta ta fito fili a fuskarsa, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

"Numfashin mutum ma danshi ne," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Ita da ta shekara talatin tana rera waƙa a kansa, me ya same shi?"

Ba ta jira izini ba. Ta kwance gadon, ta riƙa jan ƙarafunansa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauko busasshiyar katifar ɗakin baƙi. Baba na biye da ita yana cewa ta yi hankali kada ta goge Babban Yaya. Ta yaye bargon ta shimfiɗa a gado, ta lulluɓe fiyanon da wani tsohon zanin Mama. Sannan ta zazzage gawayin safa biyu a cikin kwando, ta kakkaɓe, ta miƙa masa. Ya sa su a haka, baƙi ƙirin.

Wayarta ta yi ƙara. Injiniya ne.

"Yaya jikin nasa? In zo da mota?"

Ta juya. Baba ya durƙusa a bakin gadon, ya zura hannu ta bayansa, ya ware yatsu. Bai kai ba. Ya sa kafaɗa ya ɗan turo shi, ya sake aunawa.

"Ka zo," ta ce, "amma da mai gyaran kwanon rufi."