Bindigar Baba da Ƙudirin Auta

Auta ta shiga majalisar jiha da alkawari biyu a bakinta. Za ta sa a rage wa masu ƙananan shaguna haraji, za ta kuma kawo dokar da za ta tilasta wa duk mai bindiga a gida ya kulle ta, a karɓe ta daga hannun wanda likita ya ce hankalinsa ya fara gushewa. Lokacin neman ƙuri'a faɗin su bai yi mata wuya ba.

Ana dab da tafiya hutu Jagoran jam'iyyarsu a majalisa ya kira ta ofishinsa. Na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, tagar kuma ba ta buɗuwa, sai fanka da ke juya zafi.

"Honorabul, taura biyu ba ta taunuwa," in ji shi. "Gurbin ƙudiri ɗaya ya rage kafin hutu. Ki zaɓa."

"Ranka ya daɗe, duka biyun na yi wa mutane alkawari."

"Kowa ya yi alkawari. Ni har gada na yi alkawari a inda babu kogi." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya rage murya. "Na haraji kowa zai ɗaga miki hannu. Na bindiga kuwa, 'yan adawa sun fara tambayar lafiyar mahaifinki. Kin dai san laifi tudu ne."

Ya ce ta ba shi amsa kafin zaman gobe.

Tana sauka daga bene wayarta ta yi ƙara. Matar yayanta ce, ta ce ta zo gida yanzu, Baba ya sake.

Baba ya yi aikin gadin gandun daji har ya tsufa. Da ya yi ritaya ya sayi bindiga tasa da lasisi, tana jingine bayan ƙofar ɗakinsa tun Auta tana makarantar sakandare. Yanzu yakan manta ya ci abinci, yakan tambayi mutanen da suka daɗe da mutuwa, amma bai taɓa manta yadda ake kwance ta a haɗa ba. Yau ma'aikacin wutar lantarki ya shigo duba mita, Baba ya ɗauka ɓarawon katako ne, ya saita shi. Mutumin ya fita a guje, ya bar takalmi ɗaya a tsakar gida.

Yaya ya tare ta a ƙofar gida. Shagon gyaran waya gare shi a bakin titi, ya rufe ya taho, har da ƙaramin sukudireba a aljihun riga.

"Na lallashi mutumin, ba zai kai ƙara ba," ya ce. "Kar ki tayar da maganar nan, Auta."

"Yaya, da ya danna fa?"

"Ba harsashi. Na kwashe."

"Duka?"

Ya kawar da kai. Sun taɓa ɗauke bindigar Baba yana barci. Ya daina ci, ya daina sha, ya juya wa kowa baya har sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti. Yaya da kansa ya mayar masa da ita.

"Ke kina can kuna magana a lasifika, ni nake kwana da shi," in ji Yaya. "Kuma wallahi in ba a rage harajin nan ba, shagon nan ba zai kai baɗi ba. Duk layinmu ke suke jira. Kullum sai an ce mini, ina ƙanwarka ta kwana a kan maganar?"

Ta wuce shi ta shiga ɗakin Baba. Labule a sake, warin man shafawa da na man bindiga sun cika ko'ina. Baba na zaune a bakin gado, bindigar a kan cinyarsa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe shi, tana addu'ar kada ya gane ta, don ta fi iya magana da shi in bai gane ta ba.

Ya gane ta sarai.

"Auta. Na ji ki a rediyo. Kin ce a karɓe bindiga daga hannun waɗanda suka ruɗe." Ya dube ta. "Da ni kike?"

"Baba, doka ce ta kowa da kowa."

"Ban tambaye ki kowa ba."

A zauren majalisa ta sha mayar wa manya martani ba tare da ta duba takarda ba, amma a nan sai ta koma lallashi.

"Ka ba ni ita in ajiye maka," ta ce. "Duk ranar da ka so, in kawo."

"Haka kuka ce da mota. Haka kuka ce da makullin ƙofar waje." Ya shafa bakin bindigar da babban yatsa. "Wannan kaɗai ta rage da in na riƙe nake sanin ko ni wane ne. Yayanki yana tsammanin ya kwashe harsashi. Wanda ya yi rayuwarsa a daji yana ajiye harsashi wuri ɗaya?"

Ta rasa gane ko gaskiya yake faɗa ko ruɗu ne. Kafin ta sake magana idonsa ya sauya, ya tambaye ta ko ta ga motar masu katako a hanya.

Ta fito ta zauna cikin mota, ba ta tayar ba. In ta kawo dokar, gidan nan za a fara nunawa da yatsa, hannun Baba za a fara murɗewa. In ta bari, akwai gidaje irin wannan da ba ta san iyakarsu ba, da yara na wasa a tsakar gida. Ta tuna matan da suka zo ofishinta da hotunan 'ya'yansu da bindigar gida ta kashe, ta riƙe hannunsu ta ce su bar mata. Gaba kura, baya sayaki.

Da safe ta ce wa Jagora ta zaɓi na haraji.

Ƙudirin ya wuce ba gardama. Na bindiga aka ce sai wani zangon, kuma kowa a zauren ya san ma'anar hakan. Masu shaguna suka cika harabar majalisa suna kiran sunanta. Wata daga cikin matan nan masu hotuna ta tsaya can gefe, ba ta yi tafi ba, ba ta kuma yi zagi ba. Auta ta bi ta ƙofar baya.

Ranar hutun mako ta je gida ta tarar da shi tsit. Matar Yaya ta kwashe yaran ta kai gidan iyayenta. A ƙofar ɗakin Baba, ta waje, an buga sabon kwaɗo.

"Me kake so in ce da wannan?" ta tambayi Yaya.

"Ki ce abin da kika ga dama. Bindigar ba ta kulluwa, shi na kulle. Ina buɗe masa in ina gida." Ya miƙa mata makullin bai dube ta ba.

Ta buɗe. Baba ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, ya kwance bindigar gunduwa-gunduwa yana gogewa. Bai tambayi dalilin kwaɗon ba, wataƙila bai ma san da shi ba. Ya ɗago ya yi mata murmushi irin wanda ake yi wa baƙuwa.

"Yarinya, tura ƙofar nan, iska na kwashe mini ƙananan kusoshi. Zo ki riƙe mini wannan."

Wayarta na ta ruri a jaka, masu taya murna ne. Ta tura ƙofar, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta riƙe masa ƙarfen yana zuba mai.